Ranar da ƙasa ta koma }asa: yadda muka sabunta tsohuwar kwamfutar shagon kawuna

Kawuna yana da shagon buga takardu a Kano, daura da ƙofar wata kwaleji. Da ya ajiye aikin gwamnati, kuɗin sallamarsa ya zuba a ciki: injin fotokwafi ɗaya, firinta, sikana, da kwamfutar tebur guda. A kan wannan kwamfuta ake buga furojet ɗin ɗalibai da takardun neman aiki da katin gayyatar biki da yarjejeniyar cinikin fili. A kanta kuma ake shiga shafukan rajista, a biya wa ɗalibai kuɗin makaranta, a fitar musu da rasit. 'Yarsa ta biyu ce ke zama a gabanta tun safe har la'asar. Duk ranar da kwamfutar ta tsaya, cefanen gidan ne ya tsaya.

A watan Janairun 2025, ana tsakiyar hunturu, ya kira ni a waya. "Ɗana, zo ka duba mana na'urar nan. Shafukan makaranta sun daina buɗewa yadda ya kamata, ga nauyi kamar me. Wani yaro ya ce sai an yi mata fomatin an sa Windows 11."

Na ce, "Kawu, don Allah kada kowa ya taɓa ta sai na zo."

Gyaran kwamfuta ne sana'ata, kuma na san abin da fomatin ke nufi a hannun mai gaggawa: a share komai, a ɗora sabuwar babbar manhaja cikin awa guda, a karɓi kuɗi, mai kaya ya gano abin da ya rasa bayan kwana uku. Na rubuta wannan lamari ne dalla-dalla saboda duk da na san haka, duk da takatsantsan da na yi, saura ƙiris ni ma in jawo wa shagon asarar da ba a biyanta da kuɗi.

Abin da na tarar

Dell OptiPlex 7010 ce, ƙirar 2012, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka ke sallamarwa in sun cika shekarunsu, 'yan kasuwa su kwaso su a kwantena su kawo mana gwanjo. Furosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki, Core i5-3470, zubi na uku na Intel. RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da injin ke aiki a cikinta, gigabait 4, faifan ajiya mai juyawa na gigabait 500. Injinan nan akwai juriya. An yi su ne don su wuni a kunne a ofis, kuma buga takarda da zanen kati ba su kai rabin ƙarfinsu ba. Wanda ya sayar wa Kawu ita ya ɗora mata Windows 7, samfurin bit 32. Wannan kaɗai ya tauye ta, domin samfurin 32 ba ya iya amfani da gigabait huɗun gaba ɗaya, uku da 'yan kai yake gani, kuma ko an ƙara RAM ba zai san an ƙara ba.

Da na zauna da ita, sai na ga ciwo uku ne suka haɗu, mutanen shagon suna kiransu da suna ɗaya.

Na farko tsufan manhaja. Microsoft ta daina fitar da gyaran tsaro na Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020. Chrome kuma ya tsaya a lamba 109 ga masu Windows 7 a farkon 2023, bai ƙara gaba ba. Wato shekara biyu ke nan ana shigar da lambar katin banki ta burauzar da ba wanda ke toshe mata ƙofofi, a kan babbar manhajar da ta shekara biyar babu mai gadi. Shafukan da aka sake ginawa a 'yan shekarun nan ma sukan buɗe rabi da rabi a cikinsa.

Na biyu agogo. Na lura kwanan wata ba daidai yake ba, sai ƙanwar tawa ta ce, "Ai kullum da safe sai na gyara shi, Yaya. In aka ɗauke wuta komawa baya yake." Ta saba har ta daina ɗaukarsa a matsayin matsala. Akwai ɗan batir mai kama da kwabo a jikin uwar allon, wato babban allon da ke cikin akwatin injin, CR2032, shi ke riƙe lokaci idan babu wuta, kuma nasu ya mutu. Shafukan banki da na rajista suna da takardar shaidar tsaro mai ranar farawa da ranar ƙarewa, burauza kuma da agogon kwamfuta yake auna ta. In agogo ya ce muna shekarun baya, sai burauza ya ga takardar ba ta fara aiki ba, ya ƙi buɗe shafin. Rabin koke-koken Kawu batirin nan ne, wanda kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba.

Na uku shi ya fi tayar mini da hankali. Na duba lafiyar faifan da manhajar CrystalDiskInfo, ya nuna launin rawaya: wasu sassan faifan sun lalace, yana ta kwashe bayanai yana mayarwa wasu wurare. Faifan da ya fara haka yana iya kai shekara, yana iya mutuwa gobe. Ɗaukewar wuta ba zato ita ke kashe su, batirin UPS ɗin shagon kuwa, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, ya daɗe da mutuwa. Ga bairos ɗin filashi da ke mayar da folda 'yar alamar banza, wanda babu shagon da ɗalibai ke kawo filashi da bai san shi ba. Da na buɗe murfin kuma, ƙura ta yi wa fanka kamar tabarma.

Wace za a ɗora?

Nan muka daɗe da Kawu, kuma ban ga laifinsa ba.

Windows 11 a hukumance ba ta karɓar wannan inji. Tana neman furosesar Intel zubi na takwas zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017, da wani guntun tsaro mai suna TPM samfurin 2.0. Tamu zubi na uku ce, TPM ɗinta 1.2. Ana iya tsallake shingen. Manhajar Rufus da muke haɗa filashin lodi da ita ma tana da wurin da za ka latsa ta cire sharuɗɗan, kuma na sha yi wa samari a kwamfutocinsu na gida. Amma Microsoft ta faɗa a fili cewa injin da aka shigar ta haka ba ta yi alkawarin zai ci gaba da samun sabuntawa ba. Babban sabuntawar shekara-shekara yakan ƙi zuwa da kansa, sai an sake zama an yi dabara. Kwamfutar saurayi in ta yi gardama ranar Litinin, ya jira Asabar. Shagon da ɗalibai ke layi a ƙofarsa makon miƙa furojet ba shi da wannan sararin. Na ce wa Kawu in muka bi ta nan, tsugune ba ta ƙare ba.

Linux Mint na so a raina, wata babbar manhaja da ake ɗorawa a madadin Windows. Lamba 22 ta fito a 2024, za a ci gaba da kula da ita har 2029, kyauta ce, bairos ɗin filashin nan ba ya cin ta, kuma a kan wannan inji gudu za ta yi. Amma aikin shagon ba nawa ba ne. Ɗalibi ya kawo furojet da aka tsara a Word, malaminsa ya riga ya sa hannu a kan lambobin shafi. In aka buɗe a LibreOffice, madadin Word da ke zuwa da Mint, teburi ya ɗan gusa, babi na uku ya koma shafi na gaba, shagon za a zaga. Katunan biki kuma duk a CorelDRAW aka zana su, shekara da shekaru, ango ya zo a buɗe tsohon zane a sauya suna da rana. Ba zan ɗora wa ƙanwata koyon sabuwar sana'a a tsakiyar kasuwa don abin da ya fi burge ni ba.

Saura Windows 10. Na gaya wa Kawu gaskiya cewa ita ma ranar 14 ga Oktoban 2025 za a daina kula da ita. Ya dube ni ya ce, "To me ya sa zan kashe kuɗi a kan abin da saura wata tara a binne shi?"

Tambaya ce mai kyau. Amsar da na ba shi ita ce kuɗin ba a kan Windows za a kashe su ba. SSD, wato faifan ajiya marar juyawa mai sauri, da RAM za mu saya, kuma faifan da ke ciki dole a sauya shi ko wace manhaja za a ɗora, domin mutuwa yake yi. Windows 10 za ta ba mu burauza na yau, ta karɓi Word da Corel da firintarsu, ta kuma ba shi lokacin tara kuɗin wani injin ba tare da an rufe shago ba. Ya yi shiru, sannan ya ce in yi abin da na ga ya dace, amma takardun mutane amana ce.

Saboda wannan maganar na kafa sharaɗi ɗaya: ba za a yi wa tsohon faifai fomatin ba. Za a zare shi a ajiye yadda yake, a ɗora sabuwar manhaja a kan sabon faifai. Ko ba don lalacewarsa ba, daga bit 32 zuwa bit 64 babu hanyar ɗorawa a kan tsohuwa. Sai lodi daga tushe.

Aikin kansa

Wannan ɓangaren bai ba ni wahala ba. Na je titin Bairut na sayo SSD mai gigabait 256, da RAM samfurin DDR3 ya zama 8, da batirin agogo, da sabon batirin UPS. Fayil ɗin Windows 10, samfurin 22H2 wanda shi ne na ƙarshe, ya haura gigabait biyar, don haka da dare na sauke shi a gida na zuba a filashi. Ranar Lahadi da shago ke rufe muka tayar da janareto, domin ba na lodi a kan wutar da ba ni da tabbacinta. Da farko na kwafe Documents da Desktop da foldar katuna zuwa wani faifan waje. Na busa ƙurar, na goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya ta na shafa sabo. Sabunta BIOS, 'yar manhajar da ke cikin uwar allo mai tayar da injin, na bar shi, domin babu abin da ya tilasta, kuma in wuta ta yanke a tsakiyarsa injin ya zama akwatin ƙarfe.

Lasisi ne abin da na yi fargaba. Akwai takardar Windows 7 Pro manne a jikin akwatin, amma tun watan Satumban 2023 Microsoft ta rufe ƙofar da lambar Windows 7 ke kunna Windows 10. Na zaɓi Pro na tsallake wurin sa lamba, ina tunanin yadda zan gaya wa Kawu akwai sauran kashe kuɗi. Da na haɗa ta da intanet sai ta kunna kanta. Bayanin da ya dace da hakan shi ne ofishin da ya mallake ta a can ya taɓa ɗaga ta zuwa Windows 10 lokacin da ake yi kyauta, lasisin ya zauna a rumbun Microsoft ɗaure da uwar allon, yana jiran ranar da za ta dawo. Masu gyara su riƙa gwada wannan kafin su garzaya ga manhajojin fasa lasisi, waɗanda sau da yawa su ne ƙofar da ɓarna ke shigowa. Injinan ofis na gwanjo da dama suna ɗauke da halaliyarsu ba a sani ba.

Na mayar da Word da Corel daga faifan Kawu, firinta ta fitar da shafin gwaji, na zuba takardu a mazauninsu. Injin da ake kunnawa a je a share shago a dawo bai gama tashi ba, yanzu kafin ka gyara zama ya buɗe. Na tafi gida da magariba raina fes.

Littafin Malam

Litinin da hantsi ƙanwata ta kira, muryarta na rawa. "Yaya, littafin Malam ya lalace gaba ɗaya. Duk Hausar ta zama wasu alamomi."

Malam ɗin nan dattijo ne, tsohon malamin Hausa, abokin Kawu. Kusan shekara uku yana kawo waƙoƙin da ya rubuta tun ƙuruciya, cikin tsofaffin littattafan makaranta, tana buga masa kaɗan-kaɗan. Aikin ya doshi shafi ɗari biyu. Da yawan gyare-gyaren ma da baki ya yi su, yana zaune a gefenta yana rera baiti yana sauya kalma, don haka babu su a kowace takarda in ba a fayil ɗin nan ba. A makon ne ya shirya kai shi maɗaba'a.

Da na iso na dubi allon, duk inda ƙasa take an rubuta }asa. Ɗaya ta zama [aya, ɗaki ya zama ]aki, ɓarawo ya zama ~arawo, Ƙur'ani ya zama {ur'ani. Shafi bayan shafi. Gumi ya keto mini duk da sanyin, kafin kaina ya dawo na gane abin da nake kallo.

Wanda ya fara buga Hausa a waya ba zai san wannan tarihin ba. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ta fara shiga ofisoshi da jami'o'inmu, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a haruffan da take zuwa da su. Masu bugu sai su bar k da d da b, daga baya a bi da biro a yi musu lanƙwasa, ko a ɗiga musu ɗigo a ƙasa. Mafitar da aka samu ita ce a zana salon haruffa na musamman, abin da ake kira font, a ɗauki wasu maɓallan da Hausa ba ta cika buƙata ba a zana musu haruffa masu lanƙwasa. Wanda ya fi shahara shi ne Rabi'at, na Farfesa Abdalla Uba Adamu, kuma ba ƙaramin aiki ya yi wa harshen nan ba. Littattafai da jaridu da kundayen digiri masu yawa da irinsa aka buga su. Sai dai a wannan tsari, kwamfuta ba ta san ƙ ta ajiye ba. Abin da ke cikin fayil ɗin alamar } ce, salon haruffan ne ke sa mata riga ta fito a ƙ. Ranar da aka buɗe takardar a injin da ba shi da wannan salo, Word sai ya ara wani, rigar ta faɗi, alamar ta fito tsirara.

Salon haruffa kuma ba a Documents yake zama ba. Yana cikin C:\Windows\Fonts, cikin jikin babbar manhajar. Na kwafe takardu ɗaya bayan ɗaya har ina ƙirgawa, amma ban kwafe abin da ke sa a iya karanta su ba. Ban tambaya ba, ita kuma ba ta faɗa ba, domin tun ranar da ta fara zama a kujerar nan haka ta tarar: ka latsa wannan maɓalli, ƙ ta fito. Laifina ne, domin ni ne na san cewa sabon lodi ba ya zuwa da komai sai abin da kamfani ya zuba.

Abin da ya ƙara tsorata ni, kafin ta kira ni ta riga ta fara gyara da hannu. Shafi biyu ta bi tana goge alamar tana sa k da d da b marasa lanƙwasa, ta kuma adana. Da ta ci gaba, da an yi gyaran gangar Auzinawa. A zance na yau da kullum mai karatu zai iya cankar baki ne ko baƙi, kafa ko ƙafa, bata ko ɓata. A waƙa, inda mawaƙi ke wasa da kalma biyu masu kama da juna da gangan, in lanƙwasa ta ɓace ma'ana ta tafi, kuma babu mai dawo da ita sai shi Malam ɗin, baiti bayan baiti.

Na ce ta ɗaga hannunta daga allon rubutu. Na ɗauko tsohon faifan daga aljihun tebur, na haɗa shi ta waje, na shiga foldar haruffa na kwaso duk abin da ba na Windows ba ne, sun fi arba'in, har da na ado da ake rubuta sunan amarya da su. Na zuba su, na ɗauko kwafin littafin na kafin lodi, na buɗe. Ƙasa ta dawo ƙasa. Ƙanwata ta sa kanta a kan tebur ta yi ta hamdala. Da na bi shawarar yaron nan, ko da na bi saurin da ni kaina nake yi a wasu ayyukan, da sai mun shiga gari neman wanda ke da irin salon, wasu na adon kuwa ba za a same su ba.

A nan aka so a tsaya, ni kuma na ƙi. Kawu ya ce tunda ya dawo a bar kaza cikin gashinta. Na ce, "Kawu, maɗaba'ar da Malam zai kai, in ba su da salon nan, abin da muka gani yau shi za su gani. In ya tura wa ɗansa ta WhatsApp, haka zai buɗe a waya. In wani ɗalibi ya nemi kalmar ƙauna a cikin littafin, kwamfuta za ta ce babu." Duk wanda ya taɓa cin karo da tsofaffin rubuce-rubucen Hausa a intanet cike da } da ] ya ga ƙarshen wannan hanya. Yau haruffanmu suna da gurbinsu na kansu a tsarin Unicode da duk duniya ke amfani da shi, Times New Roman da Arial na Windows 10 kuma suna ɗauke da su. Ƙ ta gaske ƙ ce a kowace na'ura.

Juyar da littafin sauyi shida ne kawai a wurin nema da musanyawa na Word, manya uku ƙanana uku. Amma akwai tarko. A bayanan ƙasan shafi, inda Malam ke kawo sura da aya, an yi amfani da baka mai kusurwa ta gaske, kuma don ta fito daidai ƙanwata takan sauya wurin zuwa Times New Roman. Da na ce a musanya duka, da kowace baka ta zama Ɗ ko ɗ. Sai na taƙaita neman ga rubutun da ke cikin tsohon salon kaɗai, abin da Word ke ba da dama a yi. Na yi a kan kwafi, ba a kan asali ba. Bayan nan faɗin haruffa ya bambanta, wasu baitoci suka karye zuwa layi biyu, muka kwana biyu muna bin su. Malam da kansa ya zo ya zauna da tabaransa, aka fitar masa a takarda, ya karanta daga farko har ƙarshe, ya kama wurare uku da kuskuren tun na bugun farko ne.

Wahalar da ta rage ta yatsu ce. Windows tana da allon rubutun Hausa a cikinta, sai dai a ƙara shi a saitin harshe. A riƙe Alt na dama a latsa k, ƙ ta fito, haka d da b. Amma hannun da ya shekara yana zuwa wani maɓalli ba ya jin magana rana ɗaya. Mako biyu tana bugu a hankali tana jin haushina, ni kuma ban janye ba. Muka yi yarjejeniya: duk sabon aiki da sababbin haruffa, tsofaffin takardu kuma a juya su ranar da mai su ya dawo nema. Tsohon salon yana nan a injin don karanta na baya.

Sikana, da agogon da ya yi latti

Ranar Laraba aka zo sikanin takardar haihuwa, sikana ta ƙi. Tsohuwa ce ƙwarai, direbanta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, na bit 32 ne kaɗai, babu na 64. Wannan ma da na bi kayan shagon ɗaya bayan ɗaya kafin lodi da na gani. Lafiyarta ƙalau, kuma Kawu ba shi da kuɗin wata a lokacin.

Na sa filashin Linux Mint da ke jakata don gwaji, sai ga shi ta gane sikanar nan take, ba tare da an ɗora komai ba. Masu Linux sun daɗe suna rubuta wa tsofaffin na'urori direbobi na kansu. Sai na rage wa Windows fili a kan SSD, na ba Mint gigabait 40, na ware wani sashe da dukansu biyu ke gani don ajiye abin da aka sikana. In an kunna injin, sai ya tambaya wacce za a shiga. Dole na kashe saitin saurin tashi na Windows, domin da shi ba ta rufe faifai gaba ɗaya in an kashe ta, Mint kuma sai ta ƙi rubutu a sashen.

Kwana biyu bayan haka Kawu ya ce agogon ya sake lalacewa, an kira azahar kwamfuta tana cewa da saura. Ba batir ba ne wannan karon. Linux tana ajiye agogon injin a kan lokacin duniya na UTC, Windows kuma tana ɗaukarsa a matsayin lokacin gida. Najeriya tana gaba da UTC da awa ɗaya, don haka duk lokacin da aka fito daga Mint aka koma Windows, sai agogo ya yi latti da awa guda cif. Umarni ɗaya na rubuta wa Mint ta riƙa bin lokacin gida, maganar ta mutu.

Abin da ban shirya ba shi ne yadda ƙanwata ta saba da Mint. Tunda a can take sikanin, sai ta fara ɗora takardun ɗalibai a shafukan rajista daga can, sannan biyan kuɗi, sannan buɗe duk filashin da ba ta yarda da shi ba. Na ƙarfafa mata gwiwa a kan haka. Ban koya mata a aji ba. Buƙata ce ta kai ta.

Da Oktoban 2025 ya zo, na shigar da injin cikin shirin ƙarin wa'adin tsaro da Microsoft ta buɗe wa masu Windows 10, wanda a lokacin ake shiga da dala 30 ko kuma kyauta in an haɗa da asusun Microsoft an bar saitunan injin suna adanuwa a can. Muka bi ta kyautar. Wa'adin da aka ba shi a lokacin zuwa 13 ga Oktoban 2026 ne. Bayan nan, ko dai Kawu ya sayi injin gwanjo zubi na takwas a mayar da SSD da takardu can, ko kuma a cire wa Windows intanet gaba ɗaya ta zama ta Word da Corel kaɗai, duk abin da ya shafi layi ya koma Mint. Ya fi karkata ga na biyu, ni na fi karkata ga na farko, kuma ba mu gama ba.

Littafin Malam ya fita daga shagon a filashi da kuma imel, ya buɗe daidai a maɗaba'a. Tsohon faifan yana aljihun teburin Kawu, naɗe cikin leda, na manna masa takarda na rubuta kada a goge. Makon jiya ma sai da aka kira ni a kansa: wata mata ta zo aurar da 'yarta ta uku, tana son kati irin na yayyenta sak, ashe hoton furen da ke gefen katin yana cikin wata folda can a ƙarƙashin tsohuwar Corel, inda ban taɓa leƙawa ba. Na haɗa faifan, ya ɗan yi ƙara, ya tashi, muka ɗauko furen.